Maigidana yana ɗauke numfashi cikin barci

Assalamu alaikum 'yan'uwa, a ɓoye sunana. Daga Tudun Wada nake. Maigidana ya daɗe da hawan jini. Watan jiya aka yi masa hoton zuciya a asibitin Barau Dikko da ke Kaduna, likita ya ce ɓangaren hagu ya faɗaɗa, zuciyar ba ta harba jini sosai. Ni abin da ke hana ni runtsawa minsharinsa ne. Yana cikin yi sai ka ji ɗif, kamar an ɗauke wuta, in ƙirga har ashirin, sannan ya zabura yana haki. Da rana ko a kan sallaya gyangyaɗi yake. Hajiyarsu ta ce dannau ne. Ko da alaƙa da zuciyar?

Wata ma'aikaciyar jinya: Wa alaikumus salam. Da alaƙa, 'yar'uwa, ciwon zuciyar da ɗaukewar numfashin kowanne ma yana rura ɗayan. In maƙogwaro ya toshe, ƙirji yana ta jan iska a banza, jan nan yana tale bangon zuciya, musamman ɗakin sama na hagu. Oksijin ya ragu, jini ya hau, kullum dare. Ruwan da ya taru a ƙafa da rana kuma, da ya kwanta sai ya gangaro wuya ya ƙara matse hanyar iska. Tsayawar numfashi ta daƙiƙa 10 ko fiye ake ƙirgawa, in ta kai sau 30 a awa abin ya yi tsanani. Akwai kuma wani nau'in ɗaukewar numfashin da masu raunin zuciya ke yi, ƙwaƙwalwa ce ke jinkirin ba da umarni: numfashi ya hauhawa, ya sauka, ya tsaya. Maganinsu ba ɗaya ba ne, sai gwajin barci ya raba gardama.

Wani daga Kawo: Hajiya, ki ɗauke shi bidiyo da waya ki nuna wa likitan. Mu maza musu muke, ni ma sai da na ga kaina. CPAP nake sawa yanzu, takunkumi ne mai hura iska. Sai dai ku tanadi sola, kin san halin wutarmu.

Wata uwa daga Barnawa: 'Yata, kar ki kuskura ki sayo masa maganin barci a kemis. Ki rage gishiri da magi, kunun kanwa kuwa a jingine shi. Ya kwanta ta gefe, ki ƙara masa filo. Allah ya ba shi lafiya.

Mai tambaya: Amin Mama, na gode. Yau zan ɗauki bidiyon. Yadda zan raba shi da yajin Hajiya ne aikin.