An kai lambar IP ɗin gidana kotu, ina neman shawara

Baban Hafsat, Bronx, New York:
Salamu alaikum jama'a. Jiya da na dawo aiki na tarar da wasiƙa daga kamfanin da ke ba mu intanet. Wai wani kamfanin fina-finai ya kai ƙarar "John Doe" kotun tarayya, babu suna, sai lambar IP ɗin gidana, wato lambar da ake gane layin intanet ɗinmu da ita, cewa an sauke fina-finansa ta BitTorrent, wata hanyar musayar fayiloli a intanet. Alƙali ya ba su izinin neman sunana da adireshina. Wallahi ban ma san yadda ake abin ba. Mu shida ne a gidan, ga baƙi, lambar wifi kuwa a jikin firij take manne. In share su ne?

Hajiya Turai:
Kada ka share, Baban Hafsat. Duba ranar da aka ɗiba maka a wasiƙar. Tana wucewa, sunanka ya tafi.

Malam Sabo, Harlem:
Wa alaikumus salam. A ƙa'ida mai ƙara ba ya neman bayanai sai ɓangarorin biyu sun zauna, amma da wa zai zauna tunda bai san ka ba? Shi ya sa yake roƙon alƙali a ƙarƙashin doka ta 26(d) ta ƙa'idojin kotunan tarayya ya fara tun da wuri, kuma yawanci ana ba shi. Kana iya neman a soke sammacin da aka aika wa kamfanin intanet ɗin na ba da sunanka, sai dai kada ka sa rai da yawa. A 2010 kotun ɗaukaka ƙara da ke kula da New York ta ƙi soke irinsa a shari'ar Arista Records. Abin da ya fi yiwuwa shi ne lauya ya roƙa a ɓoye sunanka a takardun kotu. Kuma samun sunanka ba cin shari'a ba ne. Kotun ɗaukaka ƙara ta yammacin Amurka ta ce a 2018 biyan kuɗin intanet kaɗai bai isa ya nuna kai ka sauke ba, ko da yake hukuncinta bai ɗaure alƙalan nan ba.

Ɗan Kumasi:
Yaya, kada ka kira lauyansu da kanka, ka ba su sunan da suke nema a bagas ke nan. Kada kuma yara su goge komai a kwamfuta ko waya, goge hujja ya fi zargin muni. Diyyar tana farawa daga dala 750 kan kowane fim, tana iya kaiwa 150,000 in an ce da gangan ne. Da wannan suke tsorata mutane su biya kuɗin sulhu.

Baban Hafsat:
Na gode ƙwarai. Na duba, saura kwana 19. Na cire takardar firij ɗin, gobe da safe zan nemi lauya in sha Allah.