Jad Ya Kashe Ni a Zango na 63: Musayar Baitoci

Mai Gatarin Gwammaja:

Salamu alaikum 'yan gida. Daren jiya na shiga Fight Caves, kogon faɗa mai zango 63 a wasan intanet na Old School RuneScape, neman alkyabbar wuta da ake ba wanda ya kashe Jad, dodon zangon ƙarshe. Abin da ya faru ya fi ƙarfin zube, sai waƙa. Mai amsawa ya amsa da baiti, kowa ya zaɓi amsa-amonsa.

Da sunan Allah nake fara kuka,
Kukan da ba wanda ya zo mini jaje ba.

Awa biyu cur ina kogon wuta,
Ban sha ruwa ba, ban miƙe ƙafa ba.

Zango 62 na haye su sarai,
Ban bar ko jemage guda da rai ba.

Sai ga Jad ya fito, ƙato ja wur,
Ban taɓa ganin dodo irin nasa ba.

In ya doka ƙasa, dutse ke zubowa,
In ya miƙe tsaye wuta ce, ba wasa ba.

Kowane hari da kariyar da ke tare shi,
Ka latsa kuskure, ba za ka tashi ba.

Bugunsa ɗaya na iya cin 97,
Ni jinina duka bai wuce 80 ba.

Na ci rabin ransa, masu jinyarsa suka fito,
Na ce yau kam alkyabba ba za ta wuce ni ba.

Sai allo ya daskare, layi ya yi gum,
Ina ta dangwala yatsa, bai motsa ba.

Da ya farfaɗo ga ni a ƙofar kogo,
An ba ni tokkul, kuɗin kogo, ba a ba ni riga ba.

Wasan da ke auna kowane taku
Da daƙiƙa 0.6, bai san layinmu ba.

Tsohon Lumbridge:

Ƙanena tashi ka share ido,
Ba kai ka fara shan kashi gun dodo,
Alkyabbar nan ba ta iske mutum a gado,
Wanda ka gani da ita yana ado,
Sau goma ya mutu kafin samuwa.

Mu a kafe muka fara, da tikiti,
Awa guda, mai shago na ƙirga minti,
Janareta na tari a bayan kanti,
Kajin Lumbridge muke kora duk sati,
Ƙashi da gashi muke ta tarawa.

A 2007 ke nan, ina saurayi,
Aka sauya wasan, muka bar yayi,
2013 kamfanin Jagex ya maido tsohon kan layi,
2018 ya shigo waya, ba nauyi,
Yau har cikin adaidaita ana bugawa.

Abin da ya riƙe ni, ka saurare ni,
Yawanci ba a kawo sabo da ikon wani,
Sai an buɗe akwati an tambaye ni,
Ɗan ƙauye da ɗan babban birni,
Ƙuri'a ɗai-ɗai kowa ke jefawa.

'Yar Damagaram:

Yaya Mai Gatari, sannu da rauni,
Baba ina gaisuwa, mun ji daɗin hira.

Ku dai maza ba ku san hutu ba,
Kullum dodo, kullum asara.

Ni a Draynor nake, bakin ruwa,
Gatari a hannu, itace nake sara.

Tuwo na kan wuta, waya na gefe,
In jaka ta cika in kai banki in ƙara.

Gurbi 28 ne cikin jakar tawa,
Ko layi ya yanke, bishiya na jira.

Sai dai ni ma akwai inda ke mini ciwo,
Lissafin wasan nan ba shi da kara.

Na kai mataki 92 ina guɗa,
Na ce saura 7 in kai ƙoli, 99, na hango nasara.

Aka ce mini 'yar nan, rabi kika yi,
Maki miliyan 13 ake so ki tara.

Rabin da na yi ya cinye mini damina,
Rabin da ya rage zai ci shekara.

Ga 'yan bot, masu wasa da na'ura ke tuƙawa, sun cika kurmin maƙil,
Ki yi sallama, ba mai ko ɗaga gira.

Autan Gida:

Yayye ku bar kukan layi da lissafi,
Ni mutum ya cuce ni da daɗin baki.

A Varrock, tsakar kasuwar Grand Exchange,
Yana shelar ninka kuɗi kamar a biki.

Na ba shi 10,000 ya maido 20,000,
Na ce yau arziki ya shigo ɗaki.

Na juye masa gumin wata uku,
Ya ɓace ɓat, ya bar ni da tsaki.

Wani ya ce zo Wilderness, dajin da 'yan wasa ke kashe juna, ka ga taska,
Na bi shi zugui-zugui kamar jaki.

Muna tsallake rami abokansa suka fito,
Kaya 3 kacal suka rage a jiki.

Yanzu ko sannu aka rubuto mini,
Sai na leƙa jakata in ga me ke ciki.

Baƙin Ƙarfe:

Auta, kwaɗayi mabuɗin wahala,
Biyo ni Ironman ka rabu da matsala,
Ba ciniki da kowa, ba ruwanka da dillala,
Abin da ka ci, hannunka ya nemo.

Kibiyata ni na fere, na ɗaura,
Kifina ni na kama, na ƙona saura,
Takobina ni na haƙo tama na ƙera,
Ba mai cewa shi ya ba ni aro.

Sai dai sa'a ba ta san gwani ba,
Bulalar Abyssal ban gan ta ba,
1 cikin 512 ce, ba ƙarya ba,
Na kashe aljanun da ke yar da ita 1,400 ina jiran ta faɗo.

Yaron da na koya wa wasa bara,
Ya same ta tun a kisa na tara,
Ya turo hoto yana mini gadara,
Na ajiye waya, na zaga gari na dawo.

Ɗan Kasuwar Kwari:

Duk kun yi kuka ba wanda ya taɓo aljihu,
Bari ɗan kasuwa ya faɗi gaskiya.

Ɓangaren kyauta zauren gida ne kawai,
Jad da bulala suna ciki, sai ka biya.

Farashin da kuɗin waje ake yanka shi,
Naira kuwa kullum tana ja da baya.

Akwai bond, ka saya da zinaren wasa,
Kwana 14 ya buɗe maka duniya.

Kafin ya ƙare kana noman na gaba,
Wasa ya zama ƙwadago, igiya a wuya.

Can Venezuela da kuɗinsu ya lalace,
Da kisan koren dodanni wasu ke ɗora tukunya.

Su sayar da zinaren a ɓoye su karɓi dala,
In an kama su a rufe asusun baki ɗaya.

Ni ranar da na sa ƙararrawa don in tashi noma,
Na ga na buɗe shago na biyu, ba riba ba kaya.

Mai Gatarin Gwammaja:

Alhaji ka faɗi gaskiya mai ɗaci,
Ban da hujjar da zan ce ba haka ba.

Amma daren jiya da na faɗi a kogo,
Ban yi minti biyar ni kaɗai ba.

Baba ya ce koma sabar Ingila ko Jamus,
Ka shiga bayan asuba, layi bai cika ba.

'Yar Damagaram ta sai da itacen sati guda,
Ta saya mini magani, ban roƙe ta ba.

Baƙin Ƙarfe da ba ya iya ba kowa komai,
Ya koya mini jan masu jinya, bai gaji ba.

Ko fuskar ɗayanku ban taɓa gani ba,
Amma wanda ya ɓace kwana biyu, ba mu yi shiru ba.

Yanzu caji ya cika, fawa banki na gefe,
Na sayi data, ban yi rowa ba.

Ga ni a zango na 1, jemage na zuwa,
Wanda ya kira ni yau, ba zan ɗauka ba.

Autan Gida:

Yaya, ni da ke bayan layinku nake faɗa maka,
Leƙa taga, gabas ta yi baƙi ƙirin.

Iska ta fara kaɗa kwanon rufi,
An ɗauke wuta tun ɗazu a layin.