Ɗigon haske ɗaya, yanzu ka gan shi, anjima ka rasa shi: wa ya taɓa fuskantar haka?

Uwar Biyu: Assalamu alaikum 'yan'uwa. An yi mini gwajin faɗin gani saboda likita na zargin hawan jinin ido. Za ka ɗora haɓa a kan na'ura, a rufe maka ido ɗaya, ka kafa ɗayan a tsakiya, duk sanda haske ya ƙyalla ka danna abin da ke hannunka. Masu ƙarfin ba su ba ni wahala ba. Masu dishi-dishin ne suka tayar mini da hankali: a wuri guda sai in gani, ya sake zuwa in rasa, wani lokacin ma in danna alhali babu komai. Har yanzu ina tsoron ko idon ne ya fara tafiya.

Mai Gadin Dare: Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya ba da lafiya. Ni aiki ne ya nuna mini irin wannan. In na yi kamar rabin awa cikin duhu ido yana buɗewa sosai, amma duhun ba baƙi ƙirin ba ne. Toka-toka ne, cike da ɗige-ɗige masu motsi kamar talabijin da ta rasa tasha. Fitila mai rauni can nesa kuwa, in na dube ta kai tsaye sai ta ɓace, in na ɗan kauda ido gefe sai ta dawo.

Mai Kallon Taurari: Baba, abin da muke yi ke nan da gangan idan muna neman tauraro mai rauni, mu dube shi ta gefen ido. Ƙwayoyin da ke gani cikin duhu, masu siffar sanda, babu su a tsakiyar tantanin ido, wato shimfiɗar da ke can bayan ido mai karɓar haske, a kewaye suke. Kaifinsu ya kai matuƙa: a 1942 masu bincike Hecht, Shlaer da Pirenne sun lissafa cewa ƙwayoyin haske (wato gutsattsarin haske mafi ƙanƙanta) 5 zuwa 14 kacal, in tantanin ya kama su, sun isa mutum ya ce ya gani. Amma kaifi irin wannan yana da tsada. Zafin jiki kaɗai kan motsa sinadarin da ke cikin ƙwayar, ta aika saƙo kamar haske ya taɓa ta. Horace Barlow ya nuna a 1956 cewa wannan hayaniya ta cikin ido na cikin abin da ke iyakance ganinmu. Toka-tokar da kake gani, Baba, aikin idonka ne shi da kansa.

Anti Mai EEG: Bari in ƙara daga ɓangaren ƙwaƙwalwa, don kullum ina ganin abin a allon kwamfuta, ta na'urar EEG mai ɗaukar wutar ƙwaƙwalwa. Ina liƙa wa mutum wayoyi a kai, in ce ya rufe ido. Nan take layukan ƙeya, inda ake sarrafa gani, sai su shiga hawa da sauka a tsare, sau 8 zuwa 12 a daƙiƙa. In ce ya buɗe, su lafa. Ita ce kaɗawar alfa, wadda Hans Berger na Jamus ya bayyana a 1929, bayan ya fara ɗaukar wutar ƙwaƙwalwar mutum a 1924. Har gobe abin yana burge ni.

Kaɗawar ba ta ɓacewa gaba ɗaya ko ido na buɗe. A 2009 ƙungiyoyin masu bincike biyu, ta Busch da VanRullen a Faransa da ta Mathewson a Amurka, sun gano cewa haske mai rauni iri ɗaya, ganinsa ko rasa shi na da alaƙa da inda kaɗawar take, kan hawa ko kan sauka, a daidai lokacin da ya faɗo. Ke nan ƙwaƙwalwa ba a shirye take daidai wa daida ba a kowane ƙiftawar ido.

Ɗalibin Lissafi: Anti, na taɓa shiga irin wannan bincike a jami'a, hular wayoyi a kaina, ina danna “na gani” ko “ban gani ba” har na gaji. Abin da ya fi damuna shi ne lokutan da zan iya rantsuwa na gani, a ce ba a kunna komai ba. Wani aikin Iemi da Busch na 2017 ya taɓo wannan: idan alfa ta yi rauni mutum ya fi saurin cewa ya gani, ko akwai hasken ko babu. Sai dai a yi hattara da maganar hawa da saukar nan, tasirinta ƙarami ne, kuma wasu binciken da suka biyo baya ba su same shi ba.

Ma'aikacin Ɗakin Ido: Hajiya, ki kwantar da hankalinki. Ni nake zaunar da mutane a gaban wannan na'ura, kuma kusan kowa da wannan fargaba yake tashi. Da gangan take rage hasken har ta kai inda za ki gani sau ɗaya, ki rasa sau ɗaya, domin iyakar da take nema ke nan. Tana kuma ƙirga danna-dannan da aka yi babu haske, ta nuna wa likita ko sakamakon abin dogaro ne. Shi ya sa ake yawan maimaita gwajin, kuma mutane kan fi iya shi a karo na biyu. Abin da likita ke dubawa shi ne wurin da ake rasa haske a kai a kai, gwaji bayan gwaji. Kada ki fasa komawa, domin hawan jinin ido yana cin gefen gani a hankali ba tare da ciwo ba.

Ga duk mai karantawa kuma: in ka ga walƙiya kwatsam a ido ɗaya, ko baƙaƙen ɗige-ɗige sun yawaita lokaci guda, ko wani abu kamar labule ya rufe gefen ganinka, wannan ba hayaniyar jijiya ba ce. Tantanin ido na iya yagewa ko ɓallewa, a je asibiti a ranar.