Gida ya lalace, ya ake karɓar kuɗin inshora?

Jama'a ga abin da na tsinta daga hirar da aka yi kan masu inshorar gida da gobara ko ambaliya ta shafa, dama tun da dam ɗin Alau ya ɓalle kusa da Maiduguri a 2024 maganar take yawo.

Kusan kowa ya ce hoto da bidiyo ne farko, kafin ka share ko ka kira birkila, ɗaki-ɗaki har rufi, kuma kar ka zubar da kayan da suka ƙone don mai kimanta ɓarna da kamfani zai turo sai ya gani da idonsa. Sannan ka sanar da kamfanin da wuri kuma a rubuce, waya kaɗai ba hujja ba ce. In gobara ce nemi rahoton 'yan kwana-kwana, in sata ce na 'yan sanda.

Inda aka fi jan magana shi ne takardar yarjejeniya, wani inshorar gobara kawai ya yi, ruwa ya ci gida ya zo yana kumfar baki alhali ambaliya ba ta ciki, wani kuma ya rage darajar gidan don kuɗin shekara ya yi sauƙi, to biyan ma ragewa za a yi. Ni a ganina nan ne yawanci ake faɗuwa.

Rasit na gyaran gaggawa a adana. Masu takaful, wato inshorar Musulunci, ma kusan hanya ɗaya ce. In kamfani ya tsaya jan ƙafa, a kai ƙorafi NAICOM, hukumar da ke kula da kamfanonin inshora a Najeriya.