Murtsunguwar riyal 900 ko ta riyal 70? A ba ni shawara

Maman Hanan (Jidda): Salamu alaikum. Na ga murtsunguwa a wani mashtal, wato wurin sayar da shuke-shuke, irin doguwar nan mai hannuwa da ke fure da dare, ta fi maigidana tsawo. Riyal 900, mai wurin ya ce bana za ta yi fure. Ƙaramarta kamu biyu, riyal 70. A sutuhi, wato saman rufin gida, zan ajiye, rana na dukan wurin tun hantsi. In sayi babbar ko in yi renon ƙaramar?

Ɗan Misfala: Hajiya ki dasa zogale, ko ba komai kin samu na kwaɗo.

Baba Direba: Ɗiyata, tsaya ki ji. Shekara 7 ina renon irinta a Makka, daga reshe guda da na shanya a inuwa mako biyu kafin in dasa. Sau ɗaya ta yi min fure, fari, ya kai tafin hannu, ya buɗe bayan isha, kafin rana ta ɗaga ya yanƙwane. Har iyali na tayar suka gani. Na tafi gida Kano wata biyu, na bar wa haris, wato mai gadin gidanmu, amana. Bawan Allah kullum sai ya kwarara mata bokiti guda, wai tausayi. Na dawo na taɓa gindin, yatsana ya nutse kamar a ruɓaɓɓiyar kabewa, ga wari. Kuma har ya miƙo hannu a ba shi ladan ban ruwa!

Ummu Sultan: 900? An ga baƙuwa. A Ɗa'if na sayi mai tsawon mita guda riyal 150.

Abu Fahad: Yaushe rabonki da mashtal? Makon jiya 400 aka ce min, ba tukunya.

Malamin Gona: Maman Hanan, a fara tsaga jikinta kaɗan. In farin ruwa kamar madara ya fito, dangin ƙerana ce, ba murtsunguwa ba, ruwan kuma yana ƙona ido. Ta gasken asalinta Kudancin Amurka. Wadda ta saba da inuwar mashtal in aka kai ta rana kai tsaye sai jikinta ya ƙone, tabon ba ya gogewa. Ƙasa a haɗa da tsakuwa, tukunya mai huji, ruwa sai ƙasar ta bushe ƙarƙaf.

Ummu Sultan: Malam, kai da ke Ɗa'if cikin sanyin dutse, inda barshumi, murtsunguwar nan da ake cin 'ya'yanta, ke fitowa da kansa, me ka sani game da gumin Jidda?

Baba Direba: Wanda tasa ta mutu a hannunsa shi ya san zafin abin, ba mai karatu ba.

Ɗan Misfala: Baba ai a hannun haris ta mutu 😂

Abu Fahad: Wai ma an bar ku hawa sutuhin? Mu mai gida ya garƙame namu da kwaɗo tun ruwan Nuwamban 2022, wai tukwane ne suka toshe magudana. Ya kuma ƙara kuɗin haya.

Ummu Sultan: Namu ko shanya ya hana, amma tantabarun ɗansa na can suna ɓata tankin ruwa.

Maman Hanan: To ni dai babbar ko ƙaramar?

Abu Fahad: Hajiya, nawa kuke biyan haya a unguwarku tukuna?