Neman shawara: ɓerayen Wistar za su yi mini aikin kolestarol da ƙoda?

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina digiri na biyu a nan Sakkwato, zan gwada ko ganyen zogale na rage kolestarol a jini tare da kare ƙoda. Malamina ya ce a ƙasashen waje da ɓerayen gida ɗaya ake irin wannan aiki, ni kuwa fararen Wistar 30 na samu. Sati 4 ke nan ina haɗa musu gwaiduwar ƙwai a abincin kaji, sun yi ɓul-ɓul, amma da muka auna jini abin bai taka kara ya karya ba. Biyu ma sun mutu ranar da aka ɗauke wuta. In ci gaba ko in sake lale?

Amsar wani malamin jami'a:
Wa alaikumus salam ƙanwata. Ɓeran gida ɗaya shi ne wanda aka yi ta haɗa wa da ƙanwa har zuriya 20 ko fiye, sai su koma kusan kamar tagwaye. Wistar da muke samu ba haka yake ba. Asalinsa wata cibiya ce a Filadelfiya ta Amurka, kuma jininsa gauraye ne, shi ya sa sakamakonki zai yi ta tsalle. Na gida ɗaya su ne irin SHR mai hawan jini da Okamoto da Aoki suka fitar a Kyoto a 1963, da kuma na Dahl, wanda gishiri ke tayar wa da jini ya lalata ƙodarsa.

Sannan ɓera na da taurin kai a kan kolestarol. Yawancin nasa a HDL yake, wato mai kyau, ba shi ma da matsarmama. Ƙwai kaɗai ba zai kai ki ba. Abin da aka saba shi ne kolestarol zalla kashi 1 zuwa 2 cikin 100 na abinci, da rabin kashi 1 cikin 100 na kolik asid, sinadarin da ke taimaka wa hanji tsotse kitse.

Amsar wata likita:
Ƙari kan na Malam. Ki kula da wane ne ya fara, matsalar ƙoda ko hawan kolestarol. Idan ƙoda ta fara yoyon furotin a fitsari, hanta kan ƙara sarrafa kitse, kolestarol ya hau da kansa. Muna ganin haka ga yaran da ke zuwa da kumburin fuska da ƙafa. Don haka kada ki tsaya kan kiriyatinin, wato sinadarin da ake aunawa a jini don gane aikin ƙoda, ba ya saurin motsi. Tara fitsarin awa 24 ki auna furotin.

Amsar wani mai kula da dabbobin gwaji:
Malama, ni zahin garin ga nika ji miki. Ɓeran ga maki 20 zuwa 24 yaka so, mu ko a watan 4 muna wuce 40. In sunka rasa ruwa wuni guda, gwajin ƙodarki ya ɓaci, ki ce abinci na alhali ƙishirwa ta. Rage su cikin keji, a canza dusar katako akai-akai. Kuma duk maza ki ɗauka, masu kai ɗaya.

Mai tambaya:
Na gode ƙwarai, Allah Ya saka. Gobe zan je wa malamina da batun mu tsaya kan kolestarol kawai. Malam, kolik asid ɗin a Kano ake samu ko sai an yi oda?