Aljanin da Ke Ƙwanƙwasa Ƙofa

Ɗan Hindawiyya:
Salamu alaikum jama'a. Jiya bayan isha muka haɗa shayi muna kallon shirin aljanin nan mai dogon zango, da aka zo kashi na 14 sai haƙurina ya ƙare. Mai amsa ya amsa da baiti, ban da lacca.

Ku zo ku raba ni da wannan aljani,
Daren jiya ya hana ni runtsawa.
A kashi na 2 ya keta bangon siminti,
Kamar hayaƙi, ba ko tsayawa.
A na 14 ga shi a bakin ƙofa,
Yana ƙwanƙwasawa, yana jiran buɗewa!
Da can ya ɗaga mota da ɗan yatsa,
Yau igiyar shanya ta hana shi motsawa.
Ya san abin da ke zuciyar kowa a gari,
Zobensa ya ɓata, ya kasa ganowa.
Ko dai tsufa ne ya kama shi a ɓoye?
Ko iƙamarsa, takardar zaman Saudiyya, ta mutu, bai je sabuntawa?

Malam na Madina:
Ɗana, gyara zama ka ji karatu,
Aljanu ai ba ƙarfinsu ɗaya ba.
Buɗe Suratun Namli, aya ta 39,
Ifritu ya yi magana, bai ji shayi ba:
Zai kawo gadon sarautar Bilkisu
Tun Annabi Sulaimanu bai miƙe ba.
Mai ilimin Littafi ya ce kafin ƙiftawa,
Ka ga ifritun ma bai kamo shi ba.
Batun zobe, je Saba'i, aya ta 14,
Aljanu na ta bauta, ba su huta ba,
Annabi ya rasu a jingine da sandarsa,
Da gara ba ta ci ta ba, da ba su sani ba.
Ƙofa kuwa, Bukhari da Muslim sun ruwaito:
Rufe da sunan Allah, Shaiɗan ba zai buɗe ba.
Wataƙila uwargidan ta yi bismilla,
Mai kyamara ne kawai bai nuna mana ba.

Ɗan Hindawiyya:
Allah gafarta Malam, na sallama zoben,
Gaibu na Allah ne, ba na musawa.
Amma matar nan kullum tana gun boka,
Ko buta ba mu ga ta taɓa ɗaukawa.
Kuma bangon da ya keta ɗakinta ne,
Me ya same shi yau yake sallamawa?

Gwaggon Jidda:
Kai yaro, bar Malam ya sha iska, ka sa shi kare mutanen da ko sunan sura ba su sani ba. Ga tawa.

Na tashi a Kano kusa da gidan 'yan bori,
Iya na hana mu leƙe, muna ta ɓuya.
Duk da haka na ga abin da na gani,
Kowane iska da aikinsa, ba ya juya.
Sarkin Rafi nasa ruwa ne da hauka,
Ɗan Galadima ado da caca da dukiya.
Kuturu in ya hau, yatsu ke naɗewa,
Ba ya tashi gobe ya zama sarauniya.
Ko abin da muka bari don tsoron Allah
Ya fi marubutan nan riƙon ƙa'ida da gaskiya.
Haka in ina wa jikoki gatanan gatananku,
Gizo na nan da wayo, Ƙoƙi da juriya.
Ran da na manta na ce Dodo ya ji tausayi,
'Yar shekara biyar ta ce, "Gwaggo, ƙarya!"

Autar Jarwal:
Gwaggo, ku yi haƙuri, ni ina bayansa,
Ba ku lura da idonsa a kashi na tara ba?
Tun ran da ya ga yarinyar nan mai furanni
Bai sake keta bangon kowa ba.
So ne ya cinye ƙarfin bawan Allah,
Mai neman aure ai ba zai shiga ba sallama ba.

Gwaggon Jidda:
Auta, bawan Allah kika ce? To madalla,
Sai ki tanadi goro, mu za mu kai lefen.

Direban Alhazai:
Malam, Gwaggo, a gafarce ni, zan shigo da takalmi.

Ni mai kai baƙi Wadil Baida ne,
Wajen Madina, da ake ce wa kwarin aljanu.
In cire giya, in ɗauke ƙafa daga mai,
Mota na gudu, alhazai na ɗaga hannu.
Su ce aljani ke ja, ni in yi shiru,
Gangara ce, tsaunuka ke ruɗin idanu.
Haka shirin nan, ku daina wahalar fassara,
Sirrin na aljihu, ba na littattafai ba ne, sannu.
Keta bango aikin kwamfuta ne mai tsada,
A biya masu haɗa hoto, a jira su watannu.
Ƙwanƙwasa ƙofa fa? Ko sisi ba a kashewa,
Katako ne da ɗan wasa mai hannu.
Ga marubucin farko ya tafi da littafinsa,
Na biyu bai kalli farkon ba, ya hau da zanu.
Kuma in an bar masa ƙarfinsa cif,
Kashi na 3 zai gama da mutane da shanu,
To wa zai zauna kallon talla har kashi 60?

Baitin ƙarshe ya ƙi amsa-amo, a bar shi haka, shi ma ƙarfinsa ya ƙare.

Malam na Madina:
"Watannu" da "zanu" fa, Direba? Ka karya Hausa don ƙafiya,
Ka yi wa harshe abin da suka yi wa aljanin.

Ɗan Hindawiyya:
Jama'a, an saki na 15, yanzu na kalla,
Wallahi ku taya ni, na gaji da dariya.
Wanda ke zuwa Sin ya dawo kafin shayi ya huce
Yana bakin titi yana tsayar da tasi a kan hanya!

Direban Alhazai:
Ku ce ya jira ni, ina Makka yau da dare.
In gun boka za shi, ba ni da wuri.
In Masallacin Aljanu ne, can kusa da maƙabartar Ma'alla,
Kyauta zan kai shi, ya zauna gaba, ya ɗaura bel da wuri.